Yadda Shakka Ta Raba Ni da Inna

Ɗakin da aka nuna mini a hoto yana da taga. Na rantse da Allah yana da ita, har da labule shuɗi mai furanni. Dillalin da ya ɗauko ni daga filin jirgi ɗan ƙasarmu ne, mai daɗin baki, tun a mota yake kirana "babban malami". Ya sauke ni a unguwar Sentul, ya miƙa mini makulli, ya ce zai je ya dawo. Na ja akwatina har hawa na sha ɗaya, na buɗe ɗaki, zafi ya doke ni, na je na yaye labulen don in sha iska. Bango ne. Ashe falo ɗaya aka yayyanka da katako aka fitar da ɗakuna huɗu, aka rataya labule a jikin katakon saboda hoto. Na kira lambarsa ba ta shiga ba, kuma har yau ba ta shiga ba.

Haka Kuala Lumpur ta yi mini sannu da zuwa. Sunana Nafi'u, ni ne auta a ɗakinmu, malamin kwaleji ne ni a gida, gwamnati ta turo ni karatun digiri na uku a fannin falsafa. Na baro Inna, mahaifiyata, a hannun Yaya Habu, da hawan jininta da ciwon gwiwarta. Ba ta riƙe waya, ta ce abin yana sa mata ƙaiƙayin kunne. Duk Juma'a bayan la'asar ɗinmu ta nan, lokacin hantsi ne a gida, sai Yaya ya kira ya miƙa mata. Maganarta ba ta wuce uku: Auta kana cin abinci, Auta kana salla, Auta yaushe za ka dawo. Wannan kiran shi ne abin da ya riƙe ni a garin nan.

Abin da na zo karantawa, in an tambaye ni a masallaci, sai in ce tarihin tunani, don in huta da dogon bayani. Gaskiyarsa kuwa shakka na zo karantawa. Wani Bafaranshe ne da ya rayu kusan shekara ɗari huɗu da suka wuce ya ga ilimin zamaninsa duk ji-ta-ji-ta ne, sai ya ce bari ya ajiye duk abin da za a iya kawo wa ko da ƙwayar zarra ta kokwanto, ya ga me zai rage. Ya fara da ido da kunne, ya ce sun taɓa yaudararsa, wanda kuwa ya taɓa yaudararka ba a sake sakin jiki da shi. Ya wuce zuwa mafarki, ya ce ba shi da wata alama tabbatacciya da za ta raba masa farke da barci. Daga ƙarshe ya ce a ƙaddara akwai wani shaiɗani mai wayo da ƙarfi wanda ya shirya masa komai, sama da ƙasa da mutane, don kawai ya ruɗe shi. Daga cikin wannan ramin yake neman abu ɗaya tak da ba ya girgiza, ya ɗora sauran gini a kai.

Wallahi abin ya shiga raina. Mutumin da aka sayar wa labule a madadin taga, ai wannan karatu kamar da shi ake. Na zama ba a faɗin magana a gabana sai na ce, "Anya kuwa?" Tukur, wanda ke ɗakin katakon da ke manne da nawa, shi ya raɗa mini Malam Anya. Tukur mutumin Funtuwa ne, yana karatun ilimin ƙasa, ga barkwanci. In ya dafa taliya sai ya ƙwanƙwasa katako ya ce, "Malam Anya, akwai abinci, amma ban tabbata akwai ba. Zo ka bincika."

Farfesar da ke duba aikina dattijuwa ce 'yar ƙasar, ba ta fara magana sai ta tambaya ko na yi makan, wato ko na ci abinci. Tun a shekarar farko ta ja mini kunne. Ta ce in lura, shi mai wannan hanya da kansa ya ware: shakkar ta zaman nazari ce, ba ta zaman duniya ba. In lokacin aiki ya zo, mutum ya bi abin da ya fi kama da gaskiya ya wuce, ba ya tsayawa jiran yaƙini. Na ce na gane. Har babi guda na rubuta a kan wannan, babi na huɗu, ta yaba, ta ce ya fi sauran kyau.

A shekara ta biyu abin Tukur ya faru.

Wata Juma'a bayan an sauko, Dakta Bala, wanda shi ne babba a cikin ɗalibanmu na Arewa, ya ja mu gefe mu shida a bakin rumfar takalma. Tukur ba ya nan, yana ɗakin gwaji. Dakta ya ce mahaifin Tukur ya rasu jiya, an yi jana'iza. Danginsa sun roƙa kada a faɗa masa sai ya kare kundinsa, saura mako shida. Kowa ya yi salati, kowa ya ce haka ya dace. Al'adarmu ce, ba wanda ya ga abin mamaki. Matafiyi da mai jarrabawa da mai ciki, ba a jefa musu mutuwa haka kawai. Dakta ya dube ni ya ce, "Malam Nafi'u, kai ne kusa da shi, nauyin ya fi yawa a kanka."

Na ɗauka, kuma na iya. Abin da ke cin raina ke nan har yanzu, yadda na iya. Daga gida suka ce masa Baba ya tafi ƙauye duba gona, can babu sabis. Ƙaninsa yana turo masa gaisuwa, wai Baba ya ce a dage. Mu kuma a nan muka lulluɓe shi da alheri. Matar Dakta ta riƙa aiko masa da tuwo da miyar kuka, wani ya ɗauke masa buga takardu, ni na daina yi masa musu ko da ya ce rana daga yamma take fitowa.

Saura mako biyu ya ce in raka shi kasuwar Chow Kit sayen tsaraba. Muka kutsa cikin kasuwar, ƙarnin kifi da ruwan da ke bin ƙafa, muka ɓulla layin masu tufafi. Ya tsaya a wurin mai huluna, irin baƙar hular karan-miskin nan ta mutanen ƙasar. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya ce, "Malam Anya, kanka kamar na Baba ne. Tsaya in gwada." Ya kifa mini ita. Ya ja da baya yana dariya, ya ce, "Kai, tsohon nan zai yi kyau ranar Idi."

Na tsaya a tsakiyar kasuwa da hular mamaci a kaina, na ce, "Ta yi daidai."

Ranar da ya kare kundinsa, bayan azahar, Dakta ya zaunar da shi a masallaci ya faɗa masa. Tukur bai yi kuka a wurin ba. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kaina ya ce, "Har da kai?" Na sunkuyar da kai. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Bayan kwana biyu sai ga shi ya ƙwanƙwasa katako, ya ce Allah ya saka mini da alheri, da shi ne ma haka zai yi mini.

Da shi ne ma haka zai yi mini! Wannan magana ta zauna mini a ƙirji kamar an ɗora dutsen niƙa. Ni da nake rubuta shafi-shafi a kan shaiɗanin da zai iya shirya wa mutum duniyar ƙarya, ashe ba sai da shaiɗan ba. Mutum shida masu salla da ɗan'uwa ɗaya mai waya sun isa. Kuma ba da mugunta za su yi ba, da ƙauna za su yi, da kwanon tuwo.

Daga nan ban ƙara jin daɗin alherin kowa ba. Akwai wata tsohuwa mai sayar da shinkafa a ƙasan benenmu, in na je yin tapau, wato a ƙunsa mini in tafi da shi, takan ƙara mini rabin ƙwai ta ce na rame. Ranar da ta ƙara mini guda cikakke sai da gabana ya faɗi, alhali matar nan ko sunan ƙasarmu ba ta iya faɗa daidai ba. In na shiga masallaci aka yi shiru, na ce shi ke nan. In ba a yi shiru ba, na ce sun ƙware.

Sai wata Juma'a Yaya Habu ya ce Inna ta tafi suna a Gumel. Juma'ar da ta biyo ya ce ta sha magani tana barci, amma ga saƙon muryarta. Na saurara ya fi sau ashirin. Auta kana cin abinci, Auta kana salla. To wannan ai ko bara za a iya ɗauka. A cikin makon nan Dakta Bala ya kira ni ya ce in zo unguwar Bukit Bintang, zai saya mini shinkafar Larabawa, ya ga na kwana biyu ban fito ba.

Na hau jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi. Na same shi a gidan abincin, an kawo faranti da naman rago, ya tura mini ɓangaren da ya fi tsoka. Ina ganin haka na miƙe tsaye.

Na ce, "Dakta, yaushe ta rasu?"

Ya ce, "Wa?"

Na ce, "Kada ka raina mini hankali! Tare muka yi wa Tukur. Na san tuwon, na san naman, na san komai. Yaushe uwata ta rasu?"

Larabawa da 'yan yawon buɗe ido suka juyo. Dakta ya kama hannuna yana cewa, "Subhanallahi, Malam Nafi'u, zauna, wallahi ban ji komai ba." Na ce ai a wancan lokacin ma, da a ce Tukur ya tambaye ka, rantsuwa za ka yi. Ban san ko gaskiya na faɗa ba, amma na ga ta soke shi. Na fita na bar shi da farantinsa.

A bakin titi na kira Yaya, na ce ko ya nuna mini Inna a bidiyo yanzu-yanzu ko in ɗauka ta mutu. Ya yi ta faɗa, sannan na ji tafiyarsa, hoto ya buɗe. Ga Inna a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Mai hankali da nan ya tsaya ya gode wa Allah. Ni kuwa sai na ce, "Inna, yau wace rana ce? Ɗaga hannunki na dama in gani."

Ta ɗaga, gyaɗa na zuba daga tafinta. Ta daɗe tana kallon wayar. Ta ce, "Auta, ni ce fa. Gawata kake nema ne?" Ta juya ta ce wa Yaya, "Habu, karatun nan lafiya kuwa?"

Yaya ya karɓe wayar ya fita zaure. Ban taɓa jin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Ka sa tsohuwa kuka da safiyar Allah. To ka ji, na rantse da wanda raina ke hannunsa, daga yau ba zan ɓoye maka komai ba. Ko mene ne zan faɗa maka ƙiri-ƙiri, ko kana tsakiyar jarrabawa. Ka huta, mu ma mu huta."

Na ba Dakta haƙuri, ya ce ya wuce, amma bai ƙara gayyatata ko'ina ba. Kiran Juma'a ya dawo. Inna ta rage magana ɗaya a cikin ukun, ta daina tambayar yaushe zan dawo, wai kada ta ɗaga mini hankali.

Wata takwas bayan haka aka sa mini ranar kare kundi. Saura kwana goma sha biyu, ina ɗakin karatu ana tafka ruwan la'asar ɗin nan na garin, Yaya ya kira, kuma ba Juma'a ba ce.

Ya ce, "Nafi'u, Inna ta faɗi jiya, ɓarin jikinta ya shanye. Muna asibiti. Likita ya ce abin ya yi tsanani. Tana kiran sunanka. Ka taho."

Haka ya faɗa, babu kwana-kwana, kamar yadda ya yi alkawari. Na ce to. Na ajiye waya, na jawo takarda, na yi abin da na shekara uku ina koyo.

Na rubuta: na ɗaya, ta riga ta rasu. Mutanenmu in sun ce wa na nesa jiki ya yi tsanani ka taho, sau nawa ake isowa a tarar an kwana uku da binnewa? In haka ne, kwana goma sha biyu ba za su canza komai ba. Na biyu, ciwon bai kai yadda ya faɗa ba, don in da gaske mutuwa ce a kusa, dangi ba za su bar shi ya faɗa mini ana saura kwanaki in kare ba. In haka ne ma zan iya jira. Na uku, maganar yadda ya faɗe ta haka take. Na dubi na ukun nan, na tambayi kaina a kan me ya tsaya. A kan rantsuwar mutum ɗaya, daga cikin mutanen da na san suna ɓoyewa, ni ma na ɓoye tare da su. Na sa biro na soke shi.

Kada wani ya ce ai da na nemi a nuna mini ita. Na sani. Wayar tana hannuna. Na gaya wa kaina ba na son in sake sa ta ɗaga hannu kamar mai laifi, in ma tana iya ɗagawa. Amma yau ba zan yi wa kaina ƙarya ba: tsoro nake ji. In na kira na gan ta da rai tana kirana, dole in tafi, in bar shekara uku a kan tebur. In na kira Yaya ya fara kame-kame, ta tabbata ba ni da uwa. Takardar nan ta ba ni wurin ɓuya tsakanin biyun, na shige na ja ƙofa.

Farfesa ta ji labari a bakin Dakta, ta kira ni ofis. Ta ce boleh, wato ana iya ɗage ranar, in tafi kawai, ita za ta sa hannu. Na fara yi mata bayanin na ɗaya da na biyu. Ta cire tabarau ta ce, "Nafi'u, kai ka rubuta babi na huɗu ko wani ya rubuta maka?" Na ce in an ɗage sai an sake haɗa masu jarrabawa, wata shida ko fi. Ta ce uwa fa? Sannan ta ce in je in yi tunani.

Tukur yana nan lokacin, yana ƙarasa gyare-gyarensa. Shi bai ƙwanƙwasa katako ba, turo ƙofa ya yi ya shigo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ni ba a ba ni zaɓi ba, Nafi'u. Da an ce mini Baba yana kirana, wallahi ko a ƙafa sai na kama hanya. Kai an faɗa maka."

Na ce, "An faɗa mini me? Ka tabbata tana da rai?"

Ya ce, "Kai ka tabbata ba ta da shi?"

Na ce abin da nake faɗa ke nan, babu wanda ya sani. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce, "Allah ya shirye ka," ya fita. Ranar na tura wa Yaya saƙo cewa ina tafe da zarar na kare, na kashe wayar na jefa ta cikin akwati, wai don in tattara hankalina.

Na kare kundin. Na amsa duk abin da suka tambaya, har wani daga cikinsu ya ce bai taɓa ganin ɗalibin da ya fahimci iyakar shakka kamar ni ba. Aka ce Dakta Nafi'u, aka tafa. Na dawo Sentul da rana tsaka, na buɗe akwati, na kunna waya.

Saƙonnin Yaya suka yi ta shigowa, kullum ɗaya, gajeru. Yau ta sha kunu cokali uku. Yau ta buɗe ido ta ce Auta. Yau bakinta ya ɗan saki, ta tambaya ko ka taso. Yau ba ta ci komai ba. Nafi'u ka kunna waya don Allah. Yau ta ce a gyara maka ɗakinka. Na ƙirga su ina zaune a ƙasa, guda tara. Na goma ya ce Allah ya yi mata rasuwa bayan asuba, an kai ta da hantsi, Allah ya ba mu haƙuri.

Kwana tara. Jirgi daga nan zuwa Kano, da tsayawa da komai, bai cika kwana biyu ba.

Na kira shi. Na yi zaton zai zage ni, na so ya zage ni. Ya yi mini ta'aziyya kamar baƙo, ya tambaya yaya jarrabawa. Na ce an ci. Ya ce madalla. Ina jin kukan akuya a bayansa.

Na ce, "Yaya, da take tambaya ko na taso, me ka ce mata?"

Ya ce, "Kai na yi wa rantsuwa, ba ita ba. Na ce mata kana hanya. Kullum na ce mata kana hanya, jirgi ne ya tsaya da ku a wata ƙasa."

Na ce, "Ta yarda?"

Ya ce, "Haba Nafi'u. Yaushe Inna ta taɓa shakkar ka?"

Yau wata biyar ke nan. Takardar shaidar digirin tana ofis, an aiko mini sau biyu in je in karɓa. Tukur ya koma gida, wani ɗan ƙasar Bangladesh ya shiga ɗakinsa. Yaya ya ce in dawo, gida gida ne, babu wanda zai ce mini komai. Na san ba za su ce ba, abin da ya hana ni tafiya ke nan. Za su tarye ni, su ce Dakta ya iso, su shimfiɗa mini tabarma, su nuna mini ɗakin da ta sa aka gyara.